Yadda Za A Tallafa Wa Ɗalibai Mata Har Su Kammala Karatun Injiniyanci a Jami'a

Rahoton kimiyya da hukumar UNESCO ta fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa mata kashi 28 cikin ɗari ne kacal na masu kammala digirin injiniyanci a duniya. Sai dai a cikin rahoton akwai abin da ya fi wannan adadi jan hankali, domin a Aljeriya mata sun kusa kai rabin masu kammalawa, a Tunisiya da Maroko sun haura kashi 40, alhali a Amurka kashi 20 ne da 'yar ɗoriya, a Japan kuwa kashi 14. Da a ce halittar mace ce ba ta jituwa da lissafi da injuna, da ba a ga irin wannan tazara tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Abin da ke bambanta wuri da wuri shi ne yadda ake karɓar ɗaliba, da yadda ake koyar da ita, da irin abin da take ji take gani kullum a cikin aji da ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka duk wanda ke son taimakawa, shugaban sashe ne ko malami ko uba ko abokin karatu, ya dace ya fara da duba wurin karatun kansa, maimakon ya ɗauka cewa ɗalibar ce ke da wani naƙasu da ake buƙatar gyarawa.

Jami'o'i da yawa suna kashe ƙarfinsu wajen jawo 'yan mata su nemi gurbi, kuma wannan abin yabawa ne, amma aikin da ya fi wuya yana farawa ne bayan an ba da gurbin. Matakin farko shi ne sashe ya san ainihin inda ɗalibansa mata ke zubewa. A ɗauko rajistar shekaru biyar da suka wuce, a ware maza da mata, a duba nawa suka shiga, nawa suka kai shekara ta biyu, nawa suka koma wani sashe, kuma da wane maki suka tafi. Sau da yawa za a tarar cewa wadda ta bar karatun ba faɗuwa ta yi ba, makinta ya kai na mazan da suka zauna. Duk ɗalibar da ta kawo takardar neman sauya sashe, a samu wanda ba ya koyar da ita ya zauna da ita cikin sirri ya ji dalilinta, ba don a hana ta tafiya ba, sai don a gane abin da ya sanyaya mata gwiwa.

Shekarar farko

A shekarar farko ne akasarin ɗalibai ke yanke wa kansu hukunci a kan ko wannan fanni nasu ne ko ba nasu ba ne, kuma darasin lissafi mai zurfi, wato kalkulas, shi ne ƙofar da aka fi juyawa a bakinta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya gano cewa yiwuwar mace ta bar hanyar kimiyya da injiniyanci bayan kalkulas na farko ta ninka ta namiji sau ɗaya da rabi, ko da shirinsu ɗaya ne, kuma masu binciken sun danganta hakan da rashin amincewa da kai, ba da rashin iyawa ba. Ɗalibin da ya sami maki 55 yakan ce jarrabawar ce ta yi tsauri, ita kuwa da wannan makin sai ta ce ita ce ba ta da kan lissafi. Malami yana iya toshe wannan kafa da abu mai sauƙi ƙwarai: bayan kowane gwaji ya sanar da matsakaicin makin aji, ya kuma faɗa da bakinsa cewa wannan darasi yana ba kowa wuya a karon farko kuma ana ƙwarewa a kansa da yawan maimaitawa. Idan ya lura da ɗaliba mai ƙoƙari da ta fara ja da baya, ya rubuta a kan takardarta abin da ta yi daidai dalla-dalla, kamar ya ce hanyar da ta bi ta warware tambaya ta uku ta fi wadda ya koyar gajarta. Yabo na gaba ɗaya irin na «kin yi ƙoƙari» ba ya zama a zuciya kamar wanda ya nuna takamaiman abin da aka iya.

Salon koyarwar ma yana da tasiri. A 2014 an tattara sakamakon bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi, aka ga cewa a ajin da malami ke ta jawabi shi kaɗai kusan kashi 34 cikin ɗari na faɗuwa, amma inda ake tsayawa ɗalibai su warware matsala da kansu a cikin aji adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. Wannan gyara ne da ke amfanar kowa da kowa, kuma yawancin abubuwan da ke riƙe mata a injiniyanci haka suke. Idan malami ya yi tambaya, ya ba da minti ɗaya kowa ya rubuta amsarsa kafin a ɗaga hannu, domin in ba haka ba masu saurin baki uku ko huɗu ne za su mallake ajin har ƙarshen zango.

Akwai kuma wata fasaha da ake ɗauka baiwa ce alhali koyonta ake yi, wato iya juya siffar abu a cikin tunani, kamar a ga zanen ƙarfe ta sama da ta gefe a gane yadda yake a zahiri. Darasin zanen injiniya gaba ɗaya a kan wannan ya dogara, kuma yaran da suka taso suna kwance kayan wasa suna ɗaurawa sukan zo jami'a da ita a hannu. Farfesa Sheryl Sorby ta Jami'ar Fasaha ta Michigan ta fara wani gajeren kwas a kan wannan a 1993, inda ɗaliban da suka gaza a gwajin shiga ke atisayen zana tubala da juya su, aka kuwa ga makinsu ya tashi, matan da suka yi kwas ɗin kuma sun fi zama a injiniyanci. Kowane sashe yana iya yin irin wannan da takarda da fensir da 'yan tubalan katako: a gwada dukan sababbin ɗalibai a makon farko, a ba waɗanda ke buƙata awa ɗaya ko biyu a mako, maza da mata, ba tare da an sa masa sunan ajin marasa ƙoƙari ba.

Haka nan a kula da bambancin abin da ɗalibai suka zo da shi daga sakandare. Kwalejin Harvey Mudd da ke Kalifoniya ta raba darasinta na farko na kimiyyar kwamfuta gida-gida bisa ga ko ɗalibi ya taɓa rubuta manhaja ko bai taɓa ba, don kada wanda ya daɗe da iyawa ya firgita sabon shiga, ta kuma buɗe wa ɗaliban farko damar yin bincike a lokacin hutu. Cikin 'yan shekaru matan da ke karanta fannin suka tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan kashi 40, a 2014 kuma mata suka fi maza yawa a cikin waɗanda suka kammala injiniyanci a kwalejin.

A haɗa ta da wadda ta riga ta

Idan sashe ba shi da halin yin komai sai abu guda, ni a ganina wannan ya kamata ya zaɓa: a haɗa kowace sabuwar ɗaliba da wata ɗaliba ta shekara ta uku ko ta huɗu da za ta zame mata yaya a fagen karatu. An gwada wannan a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aka wallafa sakamakon a 2017. An ɗauki sababbin ɗalibai mata 150 aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su jagora mace, wasu jagora namiji, wasu kuma ba a ba su kowa ba. A ƙarshen shekarar farko, dukan waɗanda ke da jagora mace suna nan a injiniyanci, waɗanda ba su da jagora kashi 89 cikin ɗari ne suka rage, masu jagora namiji kuma kashi 82. Abin da ya kawo bambancin shi ne ɗalibar ta ci gaba da jin cewa wurin nata ne kuma za ta iya, tun da ga wata irinta da ta bi hanyar ta wuce. Gani ya kori ji.

Tsarin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, amma yana buƙatar kulawa. A haɗa su tun kafin a fara darasi, ba sai bayan an faɗi gwajin farko ba. A ƙayyade haɗuwa aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma yi wa jagororin ɗan horo na yini guda, a gaya musu cewa babban abin da ake so shi ne su faɗi gaskiyar wahalar da suka sha da yadda suka fita daga cikinta, kamar darasin da suka taɓa maimaitawa, ko malamin da suka ji tsoron tambaya, ko yadda suka sami wurin sanin makamar aiki. A ba jagora takardar shaida ko ɗan alawus, domin lokacin karatunta take sadaukarwa. Kuma kada a ɗora dukan wannan nauyi a kan malamai mata biyu ko uku da sashen ke da su, waɗanda galibi su ake turawa kowane kwamiti, har binciken da zai kai su ga ƙarin girma ya tsaya. Sakamakon nan bai ce malami namiji ba shi da rawar takawa ba. Tasa rawar ita ce buɗe ƙofa: ya sa sunan ɗaliba a aikin bincikensa, ya gabatar da ita ga kamfani, ya ambace ta a inda ake rabon tallafin karatu, kuma ya riƙa ganawa da ɗalibai a lokutan da aka sanar, a wurin da kowa ke iya shiga.

Wa ke riƙe da kayan aiki?

Duk mai son ganin inda ake yi wa ɗaliba asarar da ba ta bayyana a takardar sakamako, ya shiga ɗakin gwajin lantarki ya tsaya a bayan rukuni guda. Ɗalibai huɗu ne a kan teburi, uku maza, ɗaya mace. Kafin malami ya gama bayani ɗaya ya jawo allon haɗa wayoyi gabansa, na biyu ya ɗauki mita, na uku ya kama maɓallin wuta, sannan wani ya tura mata littafi da biro ya ce, «Ke rubutunki ya fi kyau, ki riƙa rubuta mana sakamako.» Babu wanda ya yi nufin mugunta, ita ma wataƙila ta karɓa da murmushi. Amma idan haka ta ci gaba har ƙarshen zango, za ta fita da maki mai kyau alhali ba ta taɓa ƙona waya ta gano kuskurenta da kanta ba, ranar da aka ba ta aiki ita kaɗai kuma hannunta zai yi rawa, sai ta ɗauka cewa da ma ba ta iya ba. Masu binciken da suka bi diddigin ɗaliban injiniyanci a makarantu huɗu na jihar Massachusetts, har da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT), sun tarar da irin wannan koke a rubuce-rubucen ɗalibai mata, cewa a aikin rukuni sukan ƙare da tsare-tsare da rubutu, maza kuma su riƙe ainihin aikin fasaha.

Maganin shi ne kada a bar rabon aiki a hannun sa'a. Malami ya rubuta ayyukan rukuni, wato mai haɗawa da mai aunawa da mai lissafi da mai rubutu, ya wajabta a riƙa juya su kowane mako, a kuma rubuta a kan rahoto wanda ya yi kowanne. A ƙarshen zango kowane ɗalibi ya yi ɗan gwajin hannu shi kaɗai, ko ya haɗa da'irar lantarki, ko ya saita na'urar safiyo, ko ya yi walda, don kowa ya san cewa ba za a ɓuya a bayan rukuni ba. Ma'aikatan da ke kula da injuna su ma a zauna da su, domin sukan fi malamai daɗewa tare da ɗalibai. Idan ɗaliba ta maƙale, a yi mata bayani da baki a bar kayan aikin a hannunta, saboda karɓe mata sukudireba a ce «kawo in yi miki» yana gaya mata abin da ba a yi niyyar faɗa ba.

Wajen kafa rukunin kuma akwai kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato a rarraba mata ɗaya-ɗaya don kowane rukuni ya samu. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa ɗalibai mata sun fi sakin jiki su yi magana a rukunin da mata ke da yawa a ciki fiye da inda suke tsiraru. Idan mata shida ne a aji mai rukuni goma, gara a sa su bibbiyu ko uku-uku, ko da wasu rukunan za su kasance maza zalla.

Kayan kariya da yanayin wuri

A watan Maris na 2019 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta ɗage fita sararin samaniya ta farko da mata zalla za su yi, saboda babu isassun riguna masu girman da ya dace a shirye, sai a watan Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka yi ta. Idan irin wannan ta faru a can, to sashen injiniya ya duba ma'ajiyarsa. Safar hannun da ta yi wa mutum yawa tana iya maƙalewa a inji, tabarau na kariya da ke zamewa ba ya tare tartsatsi, takalmin da ya fi ƙafa girma kuma yana kayar da mutum a kan tsani. A sayo ƙananan lambobi, a kuma tanadi hanyar ɗaure dogon gashi da lulluɓi da duk wata sutura mai faɗi a kusa da injin da ke juyawa, ta yadda ɗaliba za ta yi aiki cikin aminci ba tare da an tozarta ta a gaban aji ba. A duba ko akwai banɗakin mata mai ruwa da makulli a ginin, ba a wani gini mai nisa ba. Idan aikin kammalawa yana kai ɗalibai dare, a haskaka hanya, a tanadi tsaro, ko a buɗe ɗakin a ranakun hutu. Ɗaliba mai juna biyu ko mai jego kuwa tana buƙatar rubutacciyar ƙa'ida da ta fayyace yadda za ta ɗage zango ta dawo, da irin sinadaran da za ta nisanta, don kada makomarta ta rataya a kan tausayin malami ɗaya.

Cin zarafi da son kai

Duk sauran matakan za su tashi a banza idan ɗaliba ba ta da aminci. Rahoton da manyan cibiyoyin kimiyya da injiniyanci da likitanci na Amurka suka fitar a 2018 ya kawo wani bincike na jami'o'in jihar Texas, inda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban injiniyanci mata suka ce sun fuskanci cin zarafi daga malamai ko ma'aikata. Rahoton ya kuma nuna cewa nau'in da ya fi yawa shi ne wulaƙanci da maganganun raini, irin su a ce mace ta zo ɓata gurbi ne, ko a mayar da jikinta abin zolaya. Malamin da ya ji irin wannan a ajinsa ya tsawatar nan take, domin shirunsa izini ne. Sashe kuma ya samar da hanyar kai ƙara fiye da ɗaya, wadda ba ta bi ta hannun mai ba da maki, ya ba mai ƙara damar sauya mai duba aikinta ba tare da ta yi asarar shekara ba, ya kuma hukunta wanda aka samu da laifi komai girman muƙaminsa. Rufa-rufa don kare sunan jami'a ita ce ke ba mai laifi ƙarfin maimaitawa.

Son kai kuwa yakan shiga ba tare da mai shi ya sani ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya sak, rabi da sunan namiji rabi da sunan mace, sai aka fi ba mai sunan namiji maki da albashi, kuma malamai mata ma sun yi hakan kamar maza. Saboda haka a riƙa duba jarrabawa da lamba ba da suna ba, a kuma rubuta ma'aunin zaɓe kafin a buɗe takardun masu neman kyauta ko tallafi.

Gida, ƙungiyoyi da hanyar fita aiki

Iyaye da 'yan'uwa da mazajen aure ba sai sun san lissafi ba kafin su taimaka. Ya isa su tambayi abin da take ginawa su saurara, su rage mata hidima a makon jarrabawa, kuma ranar da ta faɗi darasi kada maganar farko ta zama «da ma mun faɗa miki». Abokan karatu maza kuma su sa ta a zauren karatu da dandalin da ake raba tsoffin tambayoyi, idan wani ya maimaita shawararta kamar tasa su ce ai ita ta fara faɗa.

A ƙarfafa wa ɗalibai shiga ƙungiyoyin injiniyoyi mata, waɗanda wasunsu sun daɗe ƙwarai: ta Birtaniya an kafa ta a 1919, ta Amurka a 1950, ta Najeriya da ake kira APWEN a 1982. Ranar 23 ga Yuni ta mata injiniyoyi ce, 11 ga Fabrairu kuma ta mata da 'yan mata a fagen kimiyya, amma taron yini guda ba ya maye gurbin aikin shekara. Idan za a gayyato baƙuwa, wadda ta kammala shekara uku da suka wuce tana aikin gada ko tashar lantarki takan fi shahararriya amfani, domin ɗaliba tana iya hango kanta a matsayinta. Inda ake tunanin ware gurabe, akwai misalin manyan cibiyoyin fasaha na Indiya, waɗanda daga 2018 suka ƙara kujerun mata a kan waɗanda ake da su har mata suka kai kashi 20 cikin ɗari a 2020. Duk mai bin wannan hanya ya bayyana wa kowa cewa jarrabawa ɗaya aka ci, don kada a bar ɗaliba da tabon cewa alfarma aka yi mata.

Lokacin sanin makamar aiki a masana'anta yana iya ƙara wa ɗaliba son fannin ko ya fitar mata da shi daga rai. Kafin a tura ta, sashe ya nemi kamfanin ya rubuta aikin da za ta yi da sunan injiniyan da zai kula da ita, bayan mako biyu ko uku kuma malami ya kira ta ya tambaya ko tana fita fili tana taɓa inji, ko kuwa an ajiye ta a ofis tana jera fayil. Idan ajiye ta aka yi, a yi magana da kamfanin, in bai gyara ba a sauya mata wuri. Sa'ad da ta zo neman wasiƙar shaida don aiki ko ƙarin karatu, malami ya karanta abin da ya rubuta ya kwatanta da wanda ya rubuta wa namiji mai irin makinta. Idan ya ga nata ya cika da ladabi da haƙuri da tsafta, nasa kuma da basira da ƙirƙira, ya sake rubutawa, ya ambaci na'urar da ta ƙera, da matsalar da ta warware, da matsayin da ta zo a cikin ajinta.